Shin Ya Dace Malamin Lissafi Ya Riƙa Tafiya da Babi Biyu ko Uku a Tare?

Wani matashin malami da ke koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana da ɗalibai saba'in da 'yan kai, yana shiga ajin sau biyar a mako, minti 40 kowace shiga, kuma yana bin tsarin aikin zango babi bayan babi kamar yadda aka ba shi. Abin da ke damunsa shi ne, yaran suna cin gwajin da yake yi musu a ƙarshen kowane babi, amma da zarar jarrabawar ƙarshen zango ta zo sai su zube kamar ba su taɓa zama gaban allo ba. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya riƙa koyar da aljabara da lissafin siffofi da ƙididdiga a tare, a mako guda ko ma a darasi guda, shi kuwa yana tsoron kada ya ƙara rikita su. Yana neman sanin wanne ne daidai.

Malam, Allah ya ƙara basira, ya kuma sa albarka a cikin wannan aiki. Tsoronka yana da dalili, shawarar abokin aikinka ma tana da tushe, kuma abin da ya sa kuka saɓa shi ne kun haɗa abubuwa biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya. Akwai gabatar da sabon darasi, wato ranar da yaro zai fara jin wata ƙa'ida da bai taɓa ji ba. Akwai kuma atisaye, wato tambayoyin da yake warwarewa a aji da gida bayan an koya masa. Ra'ayina, bayan shekaru masu yawa ina riƙe da alli, shi ne sabon darasi ya zo shi kaɗai har ya zauna, atisaye kuwa a gauraya shi kullum, na yau da na makon jiya da na watan jiya a takarda guda. Matsalar da ka kwatanta kusan dukkanta daga wajen atisayen take.

Na fara gane haka ne a wani aji na ƙarshen babbar sakandare da na taɓa riƙewa. Muna jarrabawar gwaji kafin ta WAEC, ina zagayawa tsakanin bencina, sai wani yaro daga cikin mafi ƙwazo ya ɗaga hannu, ya nuna mini wata tambaya da bakin bironsa, ya ce a hankali: "Malam, wanga na wane babi na?" Ba amsa yake nema ba. Ya san duk ƙa'idojin, domin ni na koya masa su kuma na ga ya ci su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa ƙa'idar da zai ɗauko. A lokacin na fahimci cewa shekara uku ina yi masa wannan aikin ba tare da na sani ba, domin duk ranar da na rubuta sunan babi a saman allo, na riga na warware masa rabin kowace tambaya da za ta biyo baya.

Kowace tambayar lissafi aiki biyu take nema daga ɗalibi. Na farko shi ne ya karanta ta, ya gane irinta, ya zaɓi hanyar da ta dace da ita. Na biyu shi ne ya bi hanyar har ya kai ga amsa. Idan ka koyar da kaso cikin ɗari yau, ka ba da tambayoyi goma sha biyar duk a kan kaso cikin ɗari, yaro zai yi aiki na biyu sau goma sha biyar, na farko kuwa ko sau ɗaya ba zai yi ba. Da yawa ma ba sa karanta kalmomin tambayar, lambobin kawai suke tsamowa su zuba a ƙa'idar da ke kan allo, kuma amsa ta fito daidai, ka ba su maki, kowa ya tafi gida da farin ciki.

Ga misali daga manhajar da kake koyarwa. Motoci biyu suna tashi daga tasha, ɗaya kowane minti 12, ɗaya kowane minti 18. Idan sun tashi tare yanzu, bayan minti nawa za su sake tashi tare? Amsa 36. Sai kuma wannan: tela yana da yadi biyu, ɗaya mai tsawon mita 12, ɗaya mita 18, yana so ya yanka su gunduwa-gunduwa masu tsawo ɗaya ba tare da saura ba, mene ne mafi tsawon gunduwar da zai iya yankawa? Amsa 6. Lambobin iri ɗaya ne, kuma yaron da ya yi makon LCM (mafi ƙanƙantar lambar da lambobin biyu suke rabawa ba saura) dabam, makon HCF (mafi girman lambar da take raba su biyun ba saura) dabam, zai ci kowacce a makonta. Ka ajiye su kusa da juna ba tare da suna a sama ba, ka ga yadda ajin zai rabu biyu. Haka yake a babin riba da faɗuwa. Ɗan kasuwa ya sayi buhun albasa a kan Naira 40,000 ya sayar 46,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Yawancinsu za su ce 15, kuma sun yi daidai. Amma ka juya ta, ka ce ya sayar 46,000 da ribar kashi 15, nawa ya saya? Sai ka ga an cire kashi 15 na 46,000, an kawo maka 39,100. Wannan kuskure ba ya warkewa da ƙarin tambayoyi iri guda, sai yaro ya saba ganin nau'o'in biyu a jere, yana tsayawa yana tambayar kansa wacce ce a gabansa.

Jarrabawar da muke shirya su dominta kuwa ba ta san babi ba. Takardar farko ta lissafi a WAEC tambayoyi 50 ce na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ta JAMB tambayoyi 40, kuma a dukkansu tambayar kusurwa tana iya bin ta aljabara, ta ƙididdiga ta biyo bayanta. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da ɗalibanka za su zauna baɗi ma haka take. Muna horar da su shekara da shekaru a kan tsari guda, sannan mu auna su a kan wani tsarin, sai kuma mu ɗora laifin a kan rashin karatunsu. Makonni biyun bita da ake warewa a ƙarshen zango ba sa gyara wannan, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana sun auna wannan al'amari, kuma alƙalumansu sun cancanci ka san su. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri sosai a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa, kuma sake waiwayar abu bayan an ɗan bar shi yana rage ta. A fannin lissafi, wanda ya fi yin fice a wannan bincike shi ne Doug Rohrer na Jami'ar Kudancin Fulorida da ke Amurka. A 2007, shi da Kelli Taylor sun koya wa ɗaliban jami'a yadda ake lissafa girman cikin wasu siffofi guda huɗu. Rukuni ɗaya sun yi atisayen kowace siffa a jere, ɗaya rukunin aka gauraya musu. A lokacin atisayen, masu bin jeri sun ci kashi 89 cikin ɗari, masu gauraye 60 kacal. Bayan mako guda aka gwada su, sai masu gauraye suka ci kashi 63, masu bin jeri suka faɗo zuwa 20. A 2010 sun maimaita irin wannan da 'yan aji huɗu na firamare, masu gauraye suka ci kashi 77, masu bin jeri 38. Mafi girman binciken shi ne wanda aka wallafa a 2020, wanda ya ƙunshi ɗalibai 787 a azuzuwa 54, 'yan aji bakwai a tsarin Amurka, wato sa'o'in ɗalibanka. Bayan wata guda da gama atisaye aka yi musu gwajin ba-zata, masu gauraye suka ci kashi 61, sauran 38.

Abin da nake so ka lura da shi a wannan bincike na ƙarshe shi ne, ba a ce wa malaman su riƙa buɗe sababbin babi uku a rana ba. Sun ci gaba da koyar da darussansu, abin da aka sauya shi ne jerin tambayoyin da ke takardun atisaye. Saboda haka hujjar da ke akwai mai ƙarfi tana goyon bayan gauraya atisaye ne, kuma duk wanda ya ɗauke ta ya kafa hujjar cusa wa yara sababbin ƙa'idoji barkatai ya ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Ya kamata kuma mu tuna cewa an yi waɗannan gwaje-gwaje a azuzuwan da ba su kai rabin naka cika ba, kuma yaran suna karatu da harshen da mafi yawansu suke magana da shi a gida. Dalilin da ya sa tsarin yake aiki bai bambanta tsakanin Fulorida da Sakkwato ba, amma yadda za a aiwatar da shi dole ya bi halin ajinka.

Mu a nan ma wannan ba baƙon abu ba ne, sai dai ba mu shigo da shi ajin boko ba. Almajiri a makarantar allo ba a yi masa ƙari sai ya riƙe abin da ke kan allonsa, amma ba a taɓa barinsa ya yi watsi da na baya. Kullum akwai tilawa, kuma mahaddaci ya san cewa inda ake zamewa shi ne wurin ayoyi masu kama da juna, shi ya sa ake tsayawa a kansu a gwama wannan da waccan. A makarantar zaure kuwa, ɗalibi yana iya ɗaukar fiƙihu da safe wajen wani malami, ya ɗauki nahawu da yamma wajen wani, fannoni biyu suna tafiya tare, amma a cikin fiƙihun ba ya tsallake Ahalari da Ishmawi ya faɗa Risala. Fanni da fanni suna iya jerawa, matakan da ke cikin fanni guda kuwa ana hawansu ɗaya bayan ɗaya. Da malamin lissafi zai riƙe wannan tsari na magabata kamar yadda yake, da ya samu mafi yawan abin da binciken zamani ya tabbatar.

Dalilin da ya sa na hana ka buɗe sababbin babi biyu a darasi guda shi ne ƙarancin abin da hankali yake iya riƙewa a lokaci ɗaya kafin abu ya zauna. John Sweller na Ostareliya ya yi bayani a kan wannan tun 1988: mai koyon sabon abu yana da ɗan taƙaitaccen wuri a ƙwaƙwalwarsa da yake juya bayanai, idan aka cika shi koyo ya tsaya. Yaron da yau ne ya fara ganin harafi yana wakiltar lamba, yana fama da dalilin da ya sa abin da aka yi wa ɓangaren hagu dole a yi wa na dama, ba shi da sauran wurin da zai ajiye kusurwoyin alwatika. Ƙara da cewa ɗalibinka yana ɗauke da kaya biyu ne tun farko, domin yana fassara Turancin tambayar a zuciyarsa kafin ya fara lissafin. Taura biyu ba ta taunuwa. A ranar farko ta sabon babi, ka warware misalai biyu ko uku a allo a natse, kana faɗin dalilin kowane mataki, da Hausa idan ta kama, sannan ka ba su tambayoyi huɗu ko biyar iri guda su ji hannunsu ya faɗa. Wannan ɗan jerin na farko wajibi ne. Kuskurenmu shi ne muna tsawaita shi zuwa tambaya ashirin, sannan mu rufe babin sai ranar jarrabawa.

Saura batun raba ranakun mako tsakanin fannoni biyu, wanda ina jin shi ne ainihin abin da abokin aikinka yake nufi. Manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta tsara ta riga ta kasa lissafin matakin farko zuwa manyan jigogi: lambobi da ƙidaya, ayyukan tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, da ƙididdigar yau da kullum, kuma kowane jigo yana dawowa kowace shekara da ƙarin zurfi. Wannan shi ne tsarin da Jerome Bruner ya yi kira gare shi a 1960, na komawa kan abu ana hawa kamar matakalar hasumiya. Makarantu da yawa a Amurka suna ware shekara guda ga aljabara, wata shekarar ga lissafin siffofi, mu kuwa, kamar Ingila, muna haɗa su a shekara guda. Ke nan tafiya da fannoni a tare tana cikin manhajarmu, tambayar kawai ita ce ko za a sauko da ita zuwa cikin mako.

Ana iya yi, kuma na yi shi na ga amfaninsa: Litinin zuwa Laraba lambobi ko aljabara, Alhamis da Juma'a siffofi ko ƙididdiga. Yaron da aljabara ta gallaba yakan farfaɗo ranar da aka fito da rula da kamfas, kuma wanda ya yi fashin mako guda, saboda zazzaɓi ko aikin gona ko wata hidimar gida, yakan rasa ɗan yanki daga kowane fanni maimakon ya rasa babi sukutum. Amma akwai sharuɗɗa. Fannonin biyu su kasance masu nisa da juna a lokacin gabatarwa, domin abubuwa masu kama, irin su kewayen fili da girman fili, idan aka fara koyar da su tare sukan cakuɗe tun kafin kowanne ya samu gindin zama. Gwama su yana zuwa ne daga baya, a atisaye. Sannan kada a saɓa jerin abin da ya dogara da wani. Kaso cikin ɗari yana kan juzu'i ne, wato su rabi da kwata da sulusi, ƙa'idar Faitagoras ta gefunan alwatika kuma tana kan sanin ninka lamba da kanta da nemo tushenta, kuma duk wanda ya tafi da waɗannan kafaɗa da kafaɗa ya ɗora jinka kafin ya kafa ginshiƙi. Fannoni uku a mako kuwa ban ba ka shawara ba sam. Da darasi biyar na minti 40, kowanne zai samu abin da bai kai ya ƙosar ba. Da ni ne kai, da aji mai mutum saba'in, zan bar jadawalin yadda yake a wannan zangon, in gyara atisaye kawai, sai zango mai zuwa in gwada raba mako idan shugaban sashe ya amince.

Ga yadda za ka fara tun ranar Litinin. Ka rubuta tambayoyi huɗu a 'yar takarda ka ba monita ya kwafe su a gefen allo kafin ka shigo: ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, ɗaya daga zangon da ya wuce ko ma aji ɗaya. Kada a rubuta sunan babi a kan ko ɗaya, kuma kada jerinsu ya zama iri ɗaya kullum, domin yara suna da wayon gano cewa ta farko ita ce ta jiya. Minti biyar su yi, minti uku ku gyara tare, kowa ya musanya littafi da na kusa da shi. Ba ka buƙatar ɗaukar littattafai saba'in zuwa ofis. Ka ce duk wanda ya ci ta uku ya ɗaga hannu, idon ka zai gaya maka babin da ya fara zubewa. Sauran minti talatin da biyu na sabon darasi ne da atisayensa. Aikin gida kuma, idan tambayoyi goma ka saba bayarwa, huɗu su zama na yau, shida na baya.

Wannan ba ya neman sabon littafi ko kuɗin buga takarda, abin da yake nema shi ne tsari. Littattafan da ke hannunmu sun jera atisaye babi-babi ne, kuma ba mu kaɗai ba: Rohrer da abokan aikinsa sun ƙirga tambayoyin da ke wasu littattafan lissafi shida na Amurka, suka tarar kusan huɗu cikin kowace biyar a jere suke iri guda. Saboda haka ka samu littafin rubutu guda ka mai da shi rajista. Duk babin da ka gama, ka rubuta lambobin tambayoyin da ba ka bayar ba, ka raba su a kan makonnin da ke gaba, biyu bayan kwana uku, biyu bayan mako biyu, sauran bayan wata. Yawan tambayoyin da yaro zai warware a zango bai ƙaru ba, lokacin da zai gamu da su ne ya sauya. Tsarin aikin zango ma bai taɓu ba, don haka idan mai duba makarantu ya zo ya buɗe shirin darasinka zai tarar kana kan makon da ya kamata.

Akwai wani atisaye da na fi so fiye da kowanne, kuma minti biyar yake ci. Ka rubuta tambayoyi shida gauraye, ka ce kowa ya ajiye biro, ba a son amsa, hanya kawai ake so. Ka nuna ta farko: gona a fadama mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, za a kewaye ta da shinge. Ka tambayi wata yarinya a bencin baya abin da za a nema. Idan ta ce a ninka 30 da 20, kada ka ce ta yi kuskure, ka tambaye ta shingen a ina yake tsayawa, a tsakiyar gona ko a bakinta. Za ka ga ta yi shiru, ta zana gonar da yatsa a kan benci, sannan ta ce a tara gefunan huɗu, mita 100. Sai ka nuna ta biyu, gonar nan dai, amma yanzu taki za a watsa mata, ka bar ajin su gano da kansu cewa a nan ne 600 take da aiki. A irin wannan minti biyar yaro yana yin aikin nan na farko, na zaɓen hanya, sau shida, kuma kai ma kana jin tunaninsa da kunnenka, abin da jan biro a littafi ba zai taɓa nuna maka ba.

Idan babi biyu ko uku sun zauna sosai, sai ka kawo tambaya guda da ta haɗa su. Mu a Sakkwato muna da taska a rabon gado. Mutum ya rasu ya bar Naira 800,000 bayan an biya bashi da wasiyya, magadansa mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi. Matar tana da sumuni, wato ɗaya cikin takwas, 100,000. Saura 700,000 za a raba, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, ke nan kaso bakwai, kowane kaso 100,000, kowane ɗa 200,000, kowace 'ya 100,000. Juzu'i da ɗebewa da rabo bisa nisba duk sun haɗu a tambaya ɗaya, kuma yaran sun san ana yin wannan lissafi a gidajensu da gaske. Sai dai irin wannan tambaya ta ƙarshen tafiya ce, wanda bai riƙe juzu'i ba ba zai amfana da ita ba.

Dole in gaya maka abin da zai faru a makonnin farko, don kada ka karaya. Makin aikin aji zai sauka. Yara za su ce Malam ya daina koyarwa yadda ake ganewa, wasu iyaye za su ga jan biro ya yi yawa a littafi, wataƙila ma shugaban makaranta ya kira ka. Ka tuna da 89 da 60 ɗin nan na lokacin atisaye, da yadda suka juye bayan mako guda. Robert Bjork na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya kira irin wannan da wahala mai amfani tun a 1994, domin ƙoƙarin da ƙwaƙwalwa take yi wajen lalubo abin da ya fara dusashewa shi ne yake ƙarfafa shi. Ka riga kowa magana: ka je wa shugaban makaranta da bayanin tun kafin ka fara, ka kuma gaya wa yaran a fili cewa tambayoyin gefen allo ba na maki ba ne, kuma kuskure a cikinsu ba ya jawo bulala. Idan suna tsoron duka za su kwafa daga na kusa, kai kuma ka rasa abin da kake son gani.

Amma ba kowace wahala ce mai amfani ba, kuma a nan ne ake gane malami. Idan yaro ya kasa tambaya, ka raɗa masa sunan babin. In ya ce "au!" ya kama aiki, to matsalarsa ta zaɓen hanya ce, gauraye shi ne maganinsa, ka ci gaba. In kuwa ka faɗa masa babin amma ya ci gaba da kallonka, to bai taɓa iya ƙa'idar ba, kuma gauraya masa ita da wasu ƙara masa duhu ne. Wannan yana buƙatar a koma da shi misali a allo da tambayoyi iri guda har ya samu ƙafa. A aji mai mutum saba'in za ka samu goma sha biyar ko ashirin da jadawalin ninkawa ma bai zauna musu ba. Ka sa ɗaya daga cikin tambayoyi huɗun nan ta zama wadda kowa zai iya ci, domin yaron da kullum yake tashi da sifiri zai daina buɗe littafin. Ma'aunin da nake amfani da shi, daga abin da na gani a aji, shi ne ba na shigar da babi cikin gauraye sai mafi yawan ajin suna cin bakwai ko takwas cikin goma idan an ba su shi shi kaɗai.

Ka kuma yi amfani da yanayin shekararmu. A watannin Maris zuwa Mayu, idan darasinka ya faɗo bayan sha biyu, ajin ya yi zafi kamar tanda, yara suna fifita da littafi, sabuwar ƙa'ida mai nauyi ba ta shiga. Irin wannan lokaci, da kwanakin ƙarshen azumi, da makon farko bayan hutun Sallah da rabin aji bai dawo ba, sun fi dacewa da atisaye gauraye da gasar zaɓen hanya tsakanin layi da layi. Sababbin babi masu wuya ka kai su darussan safe.

Kada ka tsaya a kan maganata ko ta abokin aikinka, ajinka yana iya ba ka amsa a cikin zangon nan. Ka zaɓi babi biyu masu kusan nauyi ɗaya. Na farko ka yi shi yadda ka saba, duk tambayoyinsa a makonsa. Na biyu ka ba da kashi ɗaya cikin uku na tambayoyinsa a makonsa, sauran ka watsa su cikin makonni huɗu masu zuwa, gauraye da wasu. Bayan ka bar su duka biyun sun huta mako biyu ko uku, ka yi gwajin da ba ka sanar ba, tambaya biyar daga kowanne, a cakuɗe, babu suna a sama. Wajen duba takardun, ka ware kurakuran gida biyu: ka sa alamar "H" inda yaro ya ɗauko hanyar da ba ita ba, ka sa "Ƙ" inda hanyar daidai ce amma ya zame a ƙidaya. Ka ƙirga kowace alama a kowane babi, ka rubuta a rajistarka, sannan ka aiko mini da abin da ka samu mu duba tare kafin ka tsara zango mai zuwa.